Kafin Ɗan Koyo Ya Hau Babur a Ingila

Tun watan Disamba na 1990 doka ta hana ɗan koyo fita titi da babur a Ingila sai ya yi wani horo na tilas da ake kira CBT. Yawanci yini guda ake yi. Wanda ya kammala ana ba shi takardar shaida mai aiki na shekara biyu, wadda za ta ba shi damar hawa ƙaramin babur da bai wuce 125cc ba idan ya kai shekara 17, da sharaɗin ya manna jan harafin L gaba da baya, kada ya goyi kowa, kada kuma ya hau manyan hanyoyin gudu da suka haɗa birane. 'Yan uwanmu da yawa da ke zaune a nan suna neman wannan takarda, wasu don kuɗin jirgin ƙasa ya ishe su, wasu don sana'ar kai abinci gida-gida. Kusan dukanmu mun iya babur tun daga gida, amma ƙalilan ne suka taɓa riƙe lasisin babur na Najeriya ko na Nijar, don haka sai mutum ya koma sahun 'yan koyo da furfurarsa.

Abin da ya fi jan hankalina a tsarin shi ne yawan shirin da ake yi tun mutum bai taɓa kan babur ba. Da farko sai ka nemi lasisin wucin gadi, wanda ake biya wa fam 34 ta intanet. Sannan ka nemi makarantar da hukumar DVSA ta amince da ita, ka biya kuɗin horo da kan haura fam ɗari da 'yan kai, a Landan ma ya fi haka. Ranar horon kuwa, abu na farko da malami zai yi shi ne ya tsayar da kai, ya nuna maka lambar wata mota daga nisan mita 20, ya ce ka karanta. In ka kasa, aikin ranar ya ƙare, sai ka je ka nemo tabarau. Wannan ɗan gwaji ba ya cin minti guda, ba ya cin sisin kwabo, amma ban taɓa jin an yi wa wani mai babur irinsa a gida ba. Mutum nawa ne ke tuƙi da magariba a kan titin Zariya ko na Katsina alhali hazo-hazo suke gani, su da kansu ba su san haka ba, domin tun tasowarsu a haka suka san duniya?

A gida, makarantar babur ita ce filin ƙwallon unguwa ko filin Idi, malami kuma yayanka ne ko yaron shagon mahaifinka. Zai zauna a bayanka ya ce, "Ƙanena, riƙe kuloci, taka giya, saki a hankali, kar ka murɗa totur da ƙarfi." Ka zagaya sau biyu uku, babur ya mutu, a sake tayarwa, a yi dariya. Kafin mako ya zagayo an aike ka kasuwa. Ba na raina wannan koyo ko kaɗan. Yaron da ya tashi a haka ya san kukan injinsa, yana iya wanke filogi, ya ɗaure sarƙa, ya ratsa yashi da taɓo da buhun masara a baya ba tare da ya sauke ƙafa ba. Wajen sarrafa babur a hankali cikin cunkoso, ɗan acaɓan Kano ko ɗan kabu-kabun Maraɗi ya fi yawancin waɗanda nake gani a titunan Ingila. Sai dai duk koyon ya tattara ne a kan yadda za a tafi. Yadda za a tsaya cikin gaggawa, da yadda za a hango haɗari tun bai iso ba, an bar wa titi ya koyar, titi kuwa da karaya yake koyarwa.

Sai batun sutura. Makarantu suna gaya maka tun lokacin da ka yi rajista: ka zo da wando mai kauri irin jins, da riga mai kauri, da safar hannu, da takalmi mai rufe idon sawu. Malami yana da ikon mayar da kai gida in ka zo da abin da bai gamsu da shi ba. Yawancin makarantun suna ara wa ɗalibi hular kwano da safar hannu. Dalilin takalmin a fili yake, domin in babur ya faɗi, ƙafa yake fara dannewa. Mu kuwa da silifas muke hawa, da jallabiya ko babbar riga tana kaɗawa kusa da sarƙa, mata a baya gefen hijabi ko mayafi yana lilo dab da tayar baya. Duk wanda ya tashi a garuruwanmu ya san labarin macen da taya ta naɗe wa mayafi ta fizgo ta ƙasa. Maganin wannan ba ya buƙatar kuɗi ko canza sutura, tattare tufa kawai ake yi kafin a tashi, amma ba wanda aka ɗora wa alhakin faɗa.

Hular kwano ta zama dole a Birtaniya tun 1973. Ba a karɓe ta cikin ruwan sanyi ba, an yi gardama sosai, har a 1976 majalisa ta yi doka ta musamman da ta ɗauke wa mabiya addinin Sikh masu naɗa rawani wannan wajibi. Wato su ma sun fuskanci tambayar abin da mutum ke sawa a kansa don addini ko al'ada, suka zauna suka yanke hukunci. A Najeriya, hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 ta fara tilasta hular a ranar 1 ga Janairun 2009. Abin da duniya ta riƙe daga wannan lokaci shi ne hotunan masu babur da suka kifa ƙwarya ko robar fenti a ka don kauce wa tara. An yi mana dariya, amma ni abin tausayi yake ba ni. Mutane suna da dalilansu: zafin rana, tsadar hular da ta tashi cikin 'yan kwanaki, ƙyamar sa abin da wani ya cire da guminsa, tsoron a yi wa fasinja asiri ta cikinta, da kuma rashin sanin inda za a kai hula ko ɗankwali. An aiko da doka da tara, ba a aiko da wanda zai zauna da su ya amsa waɗannan dalilai ba. Binciken likitoci ya nuna hular kwano tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. Da an bi masallatai da tashoshi da gidajen rediyo an faɗi wannan da Hausa kafin a fara kame, da wataƙila labarin ya bambanta. A Kigali ta Ruwanda, ɗan acaɓa yana yawo da hula biyu, tasa da ta fasinja, kuma su ma ba masu kuɗi ba ne.

Akwai karatu kuma. Ana so ka zo ka riga ka san littafin dokokin hanya, wanda aka fara bugawa a 1931, domin malami na iya hana ka fita titi in ya ga ba ka san alamomi ba. Ga wanda ya zo daga gida, babban aikin shi ne juya kwanya: a nan hannun hagu ake bi, irin yadda Najeriya ma take yi kafin 1972, a shataletale kuma wanda ya taho daga damanka shi ke da hanya.

A filin horo ne bambancin ya fi fitowa. Malami ɗaya ba ya ɗaukar sama da ɗalibai huɗu a fili, a titi kuma biyu kacal. Ana daɗewa a kan birki. Da yawa daga cikinmu an tarbiyyantar da mu a kan tsoron birkin gaba, ana cewa yana kifar da mutum, har za ka ga babur a gida birkin gabansa ya tsinke mai shi bai damu ya gyara ba. Gaskiyar ita ce, in an taka birki nauyin babur da na mahayi yana komawa kan tayar gaba, don haka ita ce ke da mafi yawan ƙarfin tsayarwa. Wanda ya dogara da na baya kaɗai, taya takan kulle ta ja ƙasa, babur ya ci gaba da sulalewa zuwa ga abin da ake gudu. Abin da ke kayarwa shi ne cafke birkin gaba farat ɗaya, musamman a kwana ko a kan yashi. Sai a sa ka maimaita matsa shi sannu-sannu, kana ƙara ƙarfi, har hannunka ya saba. Sannan waiwaye: kafin ka tashi, kafin ka sha kwana, kafin ka canza layi, sai ka juya kai ka duba ta kafaɗa, domin akwai wurin da madubi ba ya nunawa. Nakan tuna yadda samari a gida suke kwance madubin sabon babur tun ranar farko, wai ya fi kyau a haka. Bayan duk wannan ne za a fita titi na aƙalla awa biyu, malami yana biye da kai yana maka magana ta rediyon da ke kunnenka.

Tsarin nan yana da giɓi babba, kuma masu harkar a nan ma suna faɗa. Yini guda ya yi kaɗan. Ba a buƙatar rubutacciyar jarrabawa kafin a ba ka takardar. Wanda ya koya a kan babur marar giya, doka ta bar shi ya hau mai giya washegari. In shekara biyu ta cika kuma, mutum na iya sake horon ya ci gaba a haka ba tare da ya taɓa yin cikakkiyar jarrabawar lasisi ba, shi ya sa titunan Landan suka cika da masu kai abinci da jan L, suna aiki dare da rana cikin ruwan sama da takardar ɗan koyo. Masu babur ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na zirga-zirgar titunan ƙasar ba, amma kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda ke mutuwa a hanya su ne.

Duk da haka, yini gudan nan ya fi babu nesa ba kusa ba. An hana goyon acaɓa a birnin Kano a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, A Daidaita Sahu ya maye gurbinsa. Amma babur bai bar rayuwarmu ba. Shi ke kai malami makarantar ƙauye, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke ɗauko taki da amfanin gona, kuma waɗanda ya kayar suna nan kwance a asibitin ƙashi na Dala da gidajen maɗora. Ba ma buƙatar rediyon kunne ko fam ɗari. Fili muna da shi a kowace unguwa, haka nan tsofaffin mahaya da ake jin maganarsu. Ƙungiyoyin masu babur da ke yankar tikiti kullum a tasha sun san kowane sabon yaro da sunansa da na maigidansa. Suna iya cewa ba za a ba shi riga da lamba ba sai ya yi safiya guda a fili: a gwada idonsa da lambar mota, a duba birkinsa na gaba da madubinsa, a sa shi ya yi ta tsayawar gaggawa a gaban dattawan tasha har sai sun gamsu.