Wasiƙa Zuwa Darini Daga Bakin Teku

Gilasgo, ƙasar Sikotlan.

Aminina,

Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da uwargida da yara. Ina gajiya, ina kuma aikin damina? Na san war haka kun gama noman firi kun shiga maimai, in dai ruwa bai yi muku tsaiko ba. Yaya Inna da ciwon gwiwar nan tata? Hanyar Batsari fa, ana dai bi lafiya? Kullum na idar da salla sai na sa ku a addu'a, ku da mutanen Safana da Runka da duk na bakin dajin Rugu, Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, manomi ya je gonarsa ta nesa ya dawo ba fargaba.

To, gyara zama, yau da labari na zo maka. Ka tuna ranar da muka je dam ɗin Zobe muna ɗalibai a Dutsin-Ma, wani masunci ya ce mu shiga kwale-kwalensa ya zaga da mu, kai ka faɗa ciki, ni kuwa na noƙe a bakin gaɓa na ce cikina ke murɗawa? Shekara nawa kana yi mini tsiya da wannan magana, har a gaban surukaina. To, albishirinka, matsoracin nan naka kwana bakwai ya yi a kan teku, kuma da hannunsa ya riƙe sitiyarin jirgi.

Yadda abin ya faru, a jami'armu akwai ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar tuƙin jirgin ruwa. Da an ba da dogon hutu na lokacin zafinsu, wanda in ka tambaye ni bai fi farkon hunturunmu ɗumi ba, sai su yi karo-karo su ɗauki hayar jirgi, su riƙa bin gaɓar teku suna kwana a tsibirai. Wani ɗan ajinmu ne ya matsa mini in bi su. Na ce masa ni ɗan tudu ne, ruwan da na sani shi ne na rijiya da na kududdufi. Bai ƙyale ni ba sai da ya kai ni wurin koyon iyo, na yi wata uku ina shan ruwa ta hanci, ni da gemuna, yara 'yan shekara bakwai suna wuce ni suna dariya.

Daga Gilasgo muka hau jirgin ƙasa, tafiyar wajen awa uku, zuwa wani gari na bakin teku da ake kira Oban. Can muka tarar da jirgin. Kada ka ɗauka wani ƙato ne, tsawonsa bai wuce mita 12 ba, amma a cikinsa akwai wurin kwanan mutum takwas, da ɗan murhun gas, da makewayin da in ka shiga ba ka iya juyawa. A tsakiyarsa an kafa wata doguwar dirka ta ƙarfe, a jikinta ake ɗaga manyan ƙyallaye biyu, su ne iska ke turawa. Inji akwai, amma sai za a fita mashiga ko za a shiga ake tayar da shi. Da muka fita sarari kyaftin ya kashe shi, sai na ji tsit, ba abin da ke tashi sai ƙarar ruwa a jikin jirgi, ga mu kuma muna ta tafiya. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Gudun kuwa bai taka kara ya karya ba, kilomita goma ne ko sha ɗaya a awa, yaro mai keke a hanyar Safana sai ya bar mu a baya.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ake nufar inda iskar take fitowa. Ni da a tunanina duk inda iska ta nufa can jirgi zai bi, kamar ledar da guguwa ta ɗauka a kasuwa. Ashe ba haka ba ne. Jirgin ba ya iya tunkarar iska gaba da gaba, amma yana iya yi mata karkace, sai a yi dama a daɗe, a juya ƙyalle a yi hagu, kamar yadda jaki mai kaya yake hawan tudu. In iskar ta yi ƙarfi sai jirgin ya kwanta gefe guda har ruwa ya riƙa lasar bakinsa. Ranar farko salati na yi ta yi da ƙarfi, sai wata ɗaliba 'yar ƙasar ta kwantar mini da hankali, ta ce a ƙarƙashinmu akwai wani ƙaton ƙarfe mai nauyin gaske da ke ja ƙasa, shi ke hana jirgi kifewa. Na ce to, Allah ya ƙara wa ƙarfen nan nauyi.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi amai har sai da na ga kamar hanjina zai fito. Citta ce ta cece ni, na yi ta taunawa ina kallon can ƙarshen ruwa inda ya haɗu da sama, don sun ce in ka sunkuyar da kai jirin ƙaruwa yake. Da na warware kuwa, sai ga abin mamaki. Ka san kifin ƙanƙarar nan da ake ce wa taitus, wanda ake sayarwa a kwali a Katsina? To, a ruwan nan na arewa yake rayuwa. Muka jefa ƙugiya muka ciro shi da ransa, bayansa na walƙiya kore-kore da zane baƙi kamar an yi masa ado. Na fito da yajin da Gwaggo ta ƙulla mini na barbaɗa, Turawa suka ci suna hawaye suna neman ƙari. Ka faɗa mata yajinta ya yi suna a teku.

Daren farko a Tobermory muka kwana, a tsibirin Mull. Ƙaramin gari ne na masunta da aka kafa a 1788, gidajen bakin ruwa kowane da launinsa, wannan ja, wancan rawaya, na gaba shuɗi. Na ce dare, amma aminina, wane dare? A ƙarshen watan Yuni rana ba ta faɗuwa a can sai bayan ƙarfe goma, kafin biyar na asuba kuma ta sake fitowa, tsakani ma sararin arewa bai gama yin duhu ba. Na sha fama da lissafin Isha'i da Asuba. Alƙibla kuma ba gabas ba ce kamar a gida, kudu maso gabas ce, ga shi jirgin da aka sakar wa anka ba ya tsayawa wuri ɗaya, iska na juya shi a hankali. Sai in duba kamfas in kabbara, kafin in yi sallama na ga dutsen da ke gabana ya koma kafaɗata. Akwai kuma wasu ƙwari ƙanana, ba su kai rabin sauro ba, da yamma in iska ta kwanta sai su taso kamar hayaƙi. Ba sa sa zazzaɓi, amma ni dai na gwammace sauron Darini, shi ko ba komai yana yi maka sallama a kunne.

Mun biya ta Staffa, tsibirin da ba kowa cikinsa sai tsuntsaye, duwatsunsa a tsaye reras, yawancinsu masu kusurwa shida, ka rantse magini ne ya jera su. Daga nan muka sauka Iona, inda wani malamin Kirista mai suna Columba ya zo daga Ailan a shekarar 563, wato kusan shekara sittin kafin Hijira. Wurin shiru, yashinsa fari ƙal, sai tumaki.

Amma abin da na fi so in ba ka labari shi ne wata. Mu a gida muna duban wata ne don azumi da salla da lissafin watanni, su kuwa mutanen teku da shi suke tafiya. Sau biyu a yini da dare ruwan teku yake cika ya janye, kuma wata ne ke jan sa. In wata ya tsaya, ko ya kai sha huɗu, cikar takan fi yawa, janyewar ma haka. Kowace safiya kyaftin zai buɗe wani ɗan littafi mai jadawali ya ce ƙarfe kaza ruwa zai juya, to ko kana cikin shan shayi sai ka ajiye, don in kun makara ruwan da zai tura ku shi zai dawo yana tare ku. Akwai wata mashiga tsakanin tsibirin Jura da na Scarba, sunanta Corryvreckan, inda ruwa ke murɗawa kamar ana dama fura a ƙwarya. Ka tuna Gandun Dabbobi da muka karanta, wanda Bala Funtuwa ya mayar Hausa? To, mai ainihin littafin, George Orwell, a nan ya kusa halaka a 1947, lokacin yana zaune a Jura yana rubutu. Lissafin ruwan ne ya kuskure masa, injin ƙaramin jirginsa ya cire ya faɗa teku, da ƙyar shi da ɗansa ƙarami da 'yan'uwansa suka kai ga wani dutse, sai masunta ne suka kwashe su. Mu daga nesa muka tsaya muka kalla, kyaftin ya ce ba da mutanensa ba.

Kyaftin ɗin nan ɗalibi ne kamar mu, ban ma tsammanin ya kai shekaruna, amma a kan rigar ceto ba ya wasa. Ba ka taka saman jirgi sai da ita, ko ka fi kifi iya iyo, domin sanyin ruwan, wajen digiri 13, yana iya ɗauke wa mutum numfashi da zarar ya faɗa. Kuma jirgi na mutum takwas ne, to takwas ɗin ne, ko ƙanen babanka ne na tara sai dai ya yi haƙuri. Wani dare ina kwance sai Bagwai ta faɗo mini a rai. Ka tuna ƙarshen Nuwamban 2021, da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da mutanen da suka taso daga Badau, yawancinsu yara 'yan Islamiyya masu zuwa Maulidi, aka rasa rai 29? Allah ya jiƙansu. Barci ya ƙi zuwa. Waɗannan yaran na nan don nishaɗi suke shiga ruwa, kowa da rigarsa, namu kuwa dole ce ke sa su fito, kuma ba mai ko ɗaya. Ajali gaskiya ne, amma ai an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Saboda haka ga aike. In ka samu shiga Dutsin-Ma, don Allah ka ƙarasa Zobe ka nemi sarkin ruwa, ka gaishe shi da girmamawa, ka tambaye shi kwale-kwale nawa ke ɗaukar mutane a wurin, kuma ko za su yarda su riƙa sa rigar in an kawo. Ina ɗan tara wani abu daga kuɗin aljihuna, 'yan ƙungiyar tamu ma biyu sun ce za su sa hannu. Ba yawa za mu iya ba, ko guda goma ne a fara da su.

Ka gaishe mini da Baba da Inna da Gwaggo, da Malam Liman, da duk 'yan majalisarmu ta gindin dalbejiya. Ka ce wa uwargida ina nan ina kewar tuwon dawarta da miyar kuka. Ka rubuto mini yadda gero ya yi bana, kada ka yi mini irin taka ta layi uku. In Allah ya dawo da ni lafiya kuma, ka shirya, Zobe za mu, ni zan riga ka shiga kwale-kwalen.

Wassalam,
Amininka na kullum.