Idon Zakara A Bakin Gulbin Gobir: Ɗan Gida Ne Ko Baƙo?

Ƙasar da ke tsakanin Isa da Sabon Birni ƙasar ruwa ce a tsakiyar rairayi. A wannan yanki ne Bunsuru da Gagare da Gulbin Maraɗi ke tattaruwa su zama kogin Rima, wanda ke gangarawa ta Goronyo zuwa Sakkwato. Nan ne kufan Alƙalawa yake, birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Matafiyin da ya ratsa yankin da kaka zai ga tudu ya fara fari, amma bakin gulbi yana nan kore shar, inda sarƙaƙiya da farar ƙaya suka yi duhuwa, tsirrai masu naɗo suka lulluɓe su. Cikin waɗannan akwai wanda ya fi sauran ɗaukar ido, wato idon zakara.

Gane shi ba wuya ga wanda ya natsu. Jikinsa siriri ne, yana murɗewa a kan reshen da ya samu, ba shi da ƙaya. Ganyensa ƙanana ne a jere biyu-biyu kamar na tsamiya, kuma yana da ɗan zaƙi a baki. Furensa irin na wake ne, domin danginsu ɗaya. Idan kwanson ya bushe sai ya tsage ya murɗe, 'ya'yan su bayyana jajaye wur, masu sheƙi, kowanne da ɗigon baƙi a gefe guda. Wannan ɗigon shi ne shaida. 'Ya'yan minjirya ma jajaye ne, amma minjirya itace ce mai ƙaya. Garafuni kuwa, wanda shi ma ke hawa shinge ya fashe da ja, ganyensa mai yatsu ne mai ɗaci, 'ya'yansa kuma a cikin tsoka mai danshi suke.

Wannan bambanci ya fi ƙarfin sha'awar masana, domin rai ne a ciki. Ƙwayar idon zakara na ɗauke da dafin da ake kira abirin, wanda har yau ba a samo makarinsa ba. Taurin ɓawon ne kan tsare wanda ya haɗiye ta ɗungurungum, amma idan aka tauna ta, ko aka huda ta don yin abin wuya, dafin ya sami ƙofa. Amai da gudawa kan biyo baya, wani lokaci bayan sa'o'i masu yawa. Yaron da ya tauna ta asibiti ya kamata a nufa da shi nan take, ba a jira alama ba.

A wata tafiya da na yi ta wannan hanya, na tambayi wani dattijo mai sayar da sassaƙe a kasuwa daga ina tsiron ya zo. Ya dube ni ya ce, "Malam, abin da kakan kakana ya tarar a bakin gulbi, wa zai ce mini baƙo ne?" Amsar tana da nauyi, amma littattafai da dama sun saɓa mata. Da yawansu sun ce asalinsa Indiya ne, suna kafa hujja da cewa tun zamanin da maƙeran zinariya na can suke awo da ƙwayarsa, har ma'aunin ya sami suna ratti. Sai dai wannan hujja ba ta yanke magana ba, domin 'yan kasuwar zinariya na ƙasar Asante a Gana su ma sun yi awo da ita. Daɗewar amfani da abu yana nuna daɗewar zamansa, ba ya nuna mahaifarsa.

A 1970 wani masanin tsirrai na lambun Kew a Ingila, Bernard Verdcourt, ya raba tsiron gida biyu, ya ce na Afirka reshe ne mai zaman kansa, yana mai dogaro da bambancin kwansonsu. Idan haka ne, ya daɗe a nahiyarmu har ya ɗauki kama tasa, kuma maganar dattijon ta sami mai dafa mata. Inda babu gardama shi ne nahiyar Amurka, domin can kai shi aka yi, har jihar Fulorida ta lissafa shi cikin ciyayi masu mamaye daji. Abin da ya wahalar da binciken shi ne kyan ƙwayar: tsuntsu na ɗauka, fatake na ɗauka, masu yin carbi na ɗauka. Sunansa na kimiyya ma, Abrus precatorius, daga kalmar addu'a ya samo rabinsa.

Rubutaccen abin da muke da shi kan sunayen tsirranmu ya dogara ƙwarai da aikin likita J. M. Dalziel, wanda ya fitar da ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa a 1916. Fiye da shekara ɗari ke nan. Su kuwa waɗanda suka san daji da ƙafarsu, wato mafarauta da makiyaya da mata masu tsinkar yaɗiya da tafasa, rashin tsaro ya raba su da shi. Ƙauyuka da dama a Isa da Sabon Birni sun watse, kuma kisan Sarkin Gobir Isa Muhammad Bawa a hannun 'yan bindiga a watan Agustan 2024 ya nuna inda abin ya kai. Yaron da ya tashi a sansanin gudun hijira ba zai bi kakarsa bakin gulbi ta nuna masa abin ci da abin kisa ba.

Saboda haka aikin gaggawa ba a daji yake ba, a gari yake. Dattawan Gobir da suka yi hijira zuwa Sakkwato da Gidan Runji da Maraɗi suna raye, ilminsu na tare da su. Ya kamata sassan nazarin tsirrai da na harsunan Nijeriya a jami'o'inmu su haɗa hannu su zauna da su, su naɗi sunaye da amfani da wuraren da kowane tsiro yake fitowa, su kuma samar da hotuna don makarantun firamare. Asalin idon zakara na iya jiran masu binciken ƙwayoyin halitta, amma tsofaffin nan ba za su jira ba. Allah Ya dawo da zaman lafiya ƙasar Gobir.