Tsohuwar "algaitar Turawa" a akwatin kaka: yadda ake gane shekarunta

1/ Jama'a, in akwai tsohuwar baƙar sarewa mai maɓallan ƙarfe a gidanku, kar ku miƙa wa 'yan gwangwan, kuma kar ku yarda da wanda ya ce ta kai miliyoyi. Sunanta kilarinet. Shekarunta a jikinta suke rubuce, karantawa kawai ake yi. Zare 🧵

2/ Mu a Zango "algaitar Turawa" muke ce mata, amma ba jinsi ɗaya ba ne. Algaita harshe biyu gare ta a bakin busa, kilarinet harshe ɗaya. Algaita ta fada ce, tare da kakaki da tambari. Kilarinet kuwa ta 'yan badujala ce, soja da 'yan sanda, su suka shigo mana da ita.

3/ Wani abokina ya gaji guda ɗaya. Kakansa tsohon soja ne. Labarin gidansu shi ne wai da ita aka raka Malam Musa lokacin da ya bar Zango ya koma gadon sarautar Daura a farkon zamanin Turawa. Yayyensa na son a sayar a raba kuɗin, wani dillali kuma ya taya da abin da bai kai kuɗin buhun gero ba. Har an fara hararar juna.

4/ Abin da muka fara dubawa shi ne hatimin kamfani. Yana kan bakin ƙasa mai faɗi da kuma gaɓar sama. Yawanci ya dushe, sai ka karkata ta ka haska fitilar waya ta gefe. Tasa an rubuta Boosey & Hawkes, London.

5/ Nan take labarin rakiyar sarki ya faɗi. Kamfanin bai wanzu ba sai 1930, da Boosey & Co da Hawkes & Son suka haɗe. Malam Musa kuwa tun farkon shekarun 1900 ya koma Daura. Da hatimin Hawkes & Son ne kaɗai, to da akwai magana.

6/ Sai lamba. A bayan gaɓar sama da ta ƙasa akwai 'yar lamba da aka buga. Dole biyun su zama iri ɗaya. In sun bambanta, haɗin gambiza ne: an ɗauko rabin wata an haɗa da rabin wata. Wannan ya zama ruwan dare a kayan bariki, kuma yana karya farashi sosai.

7/ Akwai jadawalin lambobin manyan kamfanoni a intanet, ka sa lamba ka ga shekara. Ta abokina ta faɗo cikin shekarun 1950, daidai lokacin da kakan yake aikin soja. Sunan samfurin, Edgware, shi ma yana jiki. Sunan unguwar da masana'antarsu take a da ne a Landan.

8/ To Edgware ba ta manyan gwanaye ba ce. Ta matsakaita ce, an ƙera su da yawan gaske. Ta gwanayen Ingila ita ce 1010. In kuma Buffet Crampon ta Faransa ka gani da R13, wadda ta fito a 1955, to riƙe ta da hannu biyu, har yau ana nemanta.

9/ In hatimi ya goge gaba ɗaya fa? Ƙirga maɓallai. Tsarin Boehm, wanda ake amfani da shi yanzu, yana da maɓalli 17 da zobe 6. Tsohon tsari da ake kira Albert yawanci maɓalli 13 ne, zobbansa kaɗan, jikin ya fi zama fili. Sojan Ingila sun daɗe a kan tsohon tsarin.

10/ Duba ko akwai HP ko LP. HP na nufin an ƙera ta da tsohon ma'aunin sauti mai tsini. Tsohuwa ce ƙwarai, amma ba za ta taɓa daidaita da fiyanon yanzu ba, ko wa ya busa. Tsufa daban, amfani daban. Irin wannan sai dai ado ko gidan tarihi.

11/ Jikin kuma iri uku ne: katako, ebonait, ko robar zamani. Katakon yana da siraran layuka in ka duba da kyau. Abin da ya burge ni, baƙin icen nan na Afirka ne, daga Tanzaniya da Mozambik ake sare yawancinsa a kai Turai, sannan ya dawo mana da hatimi. Ebonait baƙar roba ce mai tauri, soja na sonta don ba ta tsagewa a ƙasar zafi. In ta tsufa takan koma kore-kore, in ka murza tana warin ƙibiritu.

12/ Katako kuwa hunturunmu ne ajalinsa. Duba gaɓar sama tsakanin ramuka, nan tsagewa take farawa. Ta abokina na da guda ɗaya, siririya kamar gashi. Don Allah kar a wanke da ruwan zafi, kar a shafa man gyaɗa, kar a kankare maɓallai da toka don su yi ƙyalli. Dattin ya fi wannan gyaran.

13/ Ni a ganina algaita ta fi mu wahala. Ba ta da lamba ko hatimi. Fatar jikinta ana sakewa, harshen ana sakewa, sai dai ka tambayi mai ita wa ya sassaƙa, daga hannun wa ta zo hannunsa. In tsohon ya rasu ba a tambaya ba, shi ke nan.

14/ Da yayyen abokina suka ji ba ta sarki ba ce, kuma kuɗinta ba zai kashe wa kowa ƙishirwa ba, sai zancen rabo ya mutu. Ƙanwarsu ce ma ta tono hoton kakan cikin kaki a ƙasan akwatin.

15/ Mai irinta a gida ya ɗauki hoto huɗu: hatimi, lambar sama, lambar ƙasa, da maɓallan gaba ɗaya a shimfiɗe cikin haske. Ya turo mu duba tare.