Ranar da na buɗe baki a taron adashe

Mu goma sha biyu ne a adashen unguwarmu, zubin dubu goma duk wata. Kwasar farko ta uwar adashe ce, wannan kowa ya yarda. Amma shekara uku ke nan ta biyu da ta uku ba sa wuce aminanta. Mu kuwa sai gunaguni a hanyar gida.

Bana kuɗin makarantar ɗana ya taso ni gaba. Na bi mata biyar gida-gida, kowacce ta ce, "Ke dai fara, muna bayanki."

Ranar taro na ce a riƙa jefa ƙuri'a. Ɗaki ya yi tsit, duk suka sunkuyar da kai. Wannan uwar adashe na bin ta bashi, waccan ita ta samo wa ɗanta aiki.

Sai Inna, tsohuwar da ba ta da wani muƙami, ta ce, "'Yar nan gaskiya ta faɗa." Nan take hannuwa suka tashi.

Ƙuri'a ta ba ni wata na tara, kuɗin makaranta sai rance na ci. Uwar adashe har yau da ƙyar take amsa gaisuwata, amma ban yi nadama ba.

'Yan'uwa, a taku ƙungiyar, bakin wa ake jira?