Tambarin Da Ke Cikin Hular Kwano

A wani gida a Nima, cikin birnin Akara, akwai wata hular kwano da ta yi shekaru rataye a ƙusa. Mai ita tsohon soja ne daga arewacin Gana, ya rasu a 1994. Tun daga ranar 'yarsa ce take kakkaɓe mata ƙura. Ita ma yanzu ta manyanta, tana cikin zumuntar mata ta ikkilisiyarsu.

Tsohon ya shiga soja a 1941, zamanin da ake kiran ƙasar Gold Coast, Hausa kuwa ita ce harshen bariki. Yana cikin Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma wadda ta yi yaƙi da Japanawa a kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944. Yadda aka yi hular gwamnati ta biyo shi gida, bai taɓa faɗa ba. In an tambaye shi sai ya yi dariya.

A 2015 jikanyar matar ta sami gurbi a makarantar koyon aikin jinya, amma kuɗi ya gagara. Ana cikin haka sai ga wani dillalin kayan da, wanda ya ji labarin hular. Bayan gaisuwa ya ce, “Mma, ki yarda in duba cikinta.”

Bai kula da tsatsar waje ba. Ya juya ta, ya haska shafin ciki da fitilar wayarsa. Shafin nan baƙin ƙyalle ne mai santsi da 'yan guntayen roba, ƙusa guda ce tak take riƙe da shi a tsakiyar kai. A kan ɗaya daga cikin maɗauran da suka gitta juna akwai rubutu: TTC, 1941, da lamba 7.

“Bakwai ɗin nan girman kansa ne,” in ji dillalin. “1941 shekarar da aka yi shi. TTC kuwa kamfanin Teddy Toy ne na Ingila. Kafin yaƙi 'yan tsana suke yi wa yara.” Sa'an nan ya goge gefen ƙarfen kusa da maƙalar igiyar haɓa, sai ga BMB. Ya ce wannan Briggs Motor Bodies ne na garin Dagenham, masu ƙera jikin mota. Ya bayyana mata cewa masu tara irin waɗannan kaya a Turai ba sa sayen hula sai sun ga tambari, gama akwai jabu da yawa. In shekarar ƙarfe da ta shafi sun zo daidai, ƙusar kuma ba a taɓa kwance ta ba, kuɗinta yakan ƙaru.

Matar ta nuna masa wani rubutu da aka karce da wuƙa: GC, da lambar sojan mahaifinta. Ta ce, “Malam, ka san wanda ya ƙera ta. Wanda ya sa ta fa?” Dillalin ya yi shiru. Da ta waiwaya ta ga jikanyarta ma ba ta da amsa, sai zuciyarta ta sosu. Ta ce masa ya dawo gobe.

Daren nan ta zaunar da yarinyar, ta ba ta labarin duka. Ta faɗa mata yadda aka yi wa sojoji alkawarin aiki da fansho, suka dawo suka tarar da fatara. Ta faɗa mata yadda ranar 28 ga Fabrairu, 1948 tsofaffin sojoji suka nufi fadar gwamna ta Christiansborg da takardar kuka, aka harbe Saje Adjetey, da Kofur Attipoe, da Odartey Lamptey. Kakan yana cikin jerin. Ta ce daga baya, da ya ba da gaskiya ga Almasihu, yakan ƙwanƙwasa hular ya ce, “Ba ke kika cece ni ba. Na ga masu irinki da ba su dawo ba.”

Yarinyar ta rubuta kome a farar takardar farko ta Littafi Mai Tsarki na gidan, har da TTC, da BMB, da lambar GC. Da ta gama ta ce, “Kaka, kada ki sayar saboda ni.”

Matar ta ce, “An riƙe wa kakanki hakkinsa. Bari hularsa ta biya.”

Mu masu bi mun san cewa Allah ya halicci mutum cikin kamanninsa. Wato kowane ɗan Adam yana ɗauke da tambarin Mai yinsa, ko da tsatsar talauci ta rufe shi. Duniya takan haska fitila ta nemi tambari a jikin ƙarfe, amma tsohon sojan da ya yi shekara arba'in yana gadi a Akara, ba wanda ya juya shi ya duba. Mu ma mukan wuce irinsu a ƙofar majami'a ba mu tambayi labarinsu ba.

Kashegari dillalin ya zo, suka daidaita, ya tafi da hular. Ƙusar tana nan a bango. Yarinyar ta gama karatu, yanzu tana jinyar tsofaffi, ta kuwa saba tambayar kowannensu inda ya fito kafin ta miƙa masa magani.