In'ina da injin markaɗe

Tun ina yaro nake da in'ina, har yau da na haura shekara ashirin ba ta sake ni ba. Babanmu albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12 a nan Legas, tun da na gama sakandare nake zama da shi a rumfa. Sana'ar nan kuwa ta baki ce. Kafin in fitar da "dubu" daga bakina mai saye ya wuce rumfar gaba. Shi ya sa Baba ya miƙa wa ƙanena wayar ciniki, ni aka bar ni da ƙirga buhuna. Bai ce min komai ba, amma na gane.

To ga abin da ya daɗe yana ɗaure min kai. In maƙwabciyarmu ta tada injin markaɗe, ƙara ta cika min kunne har ba na jin muryata, sai magana ta riƙa fita sumul. Tana kashewa, harshe ya sake sarƙewa. Haka ma a makarantar allo, in muna karatu baki ɗaya ban taɓa maƙalewa ba, sai Malam ya ce in biya ni kaɗai.

Ashe masana sun daɗe da sanin wannan. A 1950 wani Ba'amurke, Bernard Lee, ya nuna cewa in aka mayar wa mutum muryarsa a kunne da ɗan jinkiri, lafiyayyen baki ma sai ya riƙa harɗewa. Mu masu in'ina kuwa, da yawanmu wannan jinkirin sauƙi yake kawo mana. Wato kunne na gadin baki, namu gadin ne ya yi tsanani.

Na sauke manhajar da ke yin haka a waya, na sa abin kunne. Makon farko har Baba ya ɗago kai yana kallona ina ciniki da wata Bayarabiya. Bayan wata biyu kunnen ya saba, in'inar ta fara dawowa, ga shi manhajar tana kwaso min hayaniyar kasuwa duka. Na ajiye ta.

Jiya ƙanena ya tafi masallaci ya bar wayar, sai ga kiran direban da ke kawo mana kaya daga Aliero. Baba ya kalle ni, ya kalli wayar. Na ɗauka na matsa jikin injin. Direban ya ce da ƙyar yake ji na, amma mun gama maganar kuɗin mota.