Ta Ƙarshe a Turken Inna

A ƙarshen watan Agusta na zo gida Funtuwa hutun mako biyu. Na tarar da turken Inna wayam, sai wata 'yar akuya ja kwance a gindin katanga. Uwarta ta mutu kwana goma kafin zuwana. Watanta uku da haihuwa, amma haƙarƙarinta sai ka ƙirga da ido, gashinta duk ya tashi, ga busasshen zawo a jelarta.

Na ce, "Inna, wannan ai ba za ta yi rai ba. Bari ranar kasuwa in sayo miki wata mai ƙoshi."

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Can ta ce, "Kakanninta aka riƙa sayarwa har ka gama jami'a."

Na rasa abin cewa. Aikina rubuta manhajar kwamfuta ne, na saba idan abu ya ƙi gyaruwa a sauya shi da sabo. Da wannan idon na kalli dabbar da zuriyarta ta biya mini kuɗin makaranta.

Washegari na kira malamin dabbobi, wani dattijo a kan babur. Ya ja fatar idonta ta ƙasa ya nuna mini. Maimakon ja, fari ne fat. Ya sa na taɓa ƙarƙashin haɓarta, na ji kumburi mai taushi kamar an ɗura ruwa. Ya ce tsutsar ciki ce mai shan jini, kuma damina ce lokacinta. Ƙwayayenta na fita cikin kashin dabba, su ƙyanƙyashe a ƙasa mai laima, su hau jikin ciyawa, dabba ta sake haɗiye su.

Ya ƙi ba ta magani sai an auna ta, domin idan ya yi kaɗan tsutsar ba ta mutuwa, sai ma ta saba da shi. Na aro sikeli, na hau ɗauke da ita, na sake hawa ni kaɗai. Kilo 4. Ya ɗura mata, ya ce a maimaita bayan mako biyu.

A nan na yi wauta. Ganin ramarta, na cika mata kwano da dusa don ta yi saurin murmurewa. Cikin dare na ji kukanta. Na haska fitilar waya, na ga gefen cikinta na hagu ya kumbura tamkar ganga, tana numfashi da ƙyar. Ina tsaye ina laluben intanet, sai ga Inna ta fito da zani a kafaɗa. Ta durƙusa a kan gwiwoyin nan nata masu ciwo, ta tsayar da ita, ta ɗaga gabanta sama, tana murza cikin a hankali har ta fara gyatsa. Mun fi awa guda a haka.

Da za ta koma ɗaki ta ce, "Cikin da ya daɗe da yunwa ba a cika shi rana ɗaya."

Daga ranar na zama ɗan aikenta. Na mayar da turken wuri busasshe, ina share kashin safe da yamma. Harawa a rataye nake ba ta don kada ta taɓa ƙasa. Ciyawa sai raɓa ta bushe ake yankowa, a shanya ta ta sha iska. Ruwan gishiri da sukari kuwa da sirinji marar allura nake ɗiga mata ta gefen baki, kaɗan-kaɗan, don kada ta shaƙe. Dusa tafin hannu ɗaya, ba ƙari.

Kwana takwas ban ga wani canji ba. Kullum bayan sallar asuba nakan leƙa gabana yana faɗuwa. Ranar ta tara na same ta kwance ta naɗe ƙafafu, tana tuƙa. Na kira Inna. Ta leƙo ta duba, ta ce, "Alhamdu lillahi," ta koma hura wutarta. Amma a ranar ne karon farko da na ji tana yi wa 'yar akuyar magana.

Ranar da zan koma bakin aiki mun yi mata magani na biyu. Sikeli ya nuna ƙarin da bai kai rabin kilo ba, idon kuma ya fara yin ja-ja. Har yanzu ramammiya ce, na tafi ban san ko za ta kai kaka ba.

Makon jiya ƙanwata ta kira ni. Ta ce, "Yaya, Inna ta ce a gaya maka akuyarka ta tsinke igiya ta cinye mata zogale, sai ka aiko da kuɗin wata igiyar."

Na aika nan take.